Kyanwar da Na Buga wa Hatimi

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Wata guda ke nan da na fara jin zancen, a bakin mai askina, kafin a rufe shaguna. Yana riƙe da kunnena ya ce wai ciwon nan da ya shigo gari a gashin kyanwa yake yawo. Na ce masa shekara talatin da huɗu ina riƙe kyanwoyi ana yi musu allura, iyakar abin da na taɓa samu a wurinsu yakushi ne. Ya ce shi dai ya ji. Ban ja da shi ba, askar na hannunsa. Ni da kaka ta rena da labarai, na san ƙarya mai daɗin ji in na ji ta. Na bar zancen a ƙofar shagon tare da gashina.

Ashe ya biyo ni har wurin aiki.

Mu uku muka rage a asibitin dabbobin. Likita, wadda a haife na haife ta. Ni, mataimakinta, mai riƙe dabba da wanke kayan aiki da cike kati. Sai matar da ke zama a tebur, wadda muke kira Rediyo, ita ma tana amsawa. Masu dabbobi ba sa shigowa yanzu. Ta taga suke miƙo kwali, su sa hannu a takarda, su ja baya.

Makon jiya suka fara kawo lafiyayyun kyanwoyi, wai a yi musu allurar da ba a farkawa. Kwana biyu muna ƙi. Likita har muryarta ta dushe da bayani ta cikin takunkumin fuska. Rana ta uku mai shara ya kira ni bakin kwatar da ke bayanmu ya nuna min wani buhu a ɗaure. Ba zan rubuta abin da ke ciki ba. Na gane kwalin da aka yar a gefensa, ta tagarmu na mayar da shi da hannuna.

Na kira Likita ta zo ta gani. Ta ce, "Baba, in mun ƙi, kwata ce. In mun karɓa, mu ne."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "Haka ne kawai? Ba ka da wani abu na manya da za ka faɗa min?"

Ba ni da shi. Mun fara karɓa.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Uku yau. Na wanke teburin sau biyar.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Huɗu. Rediyo ta daina ba mu labarai. Ban taɓa zaton zan yi kewar bakinta ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau na yi ɓarna, kuma da ƙwarewa na yi ta.

Ina da wata ɗabi'a tun zamanin likitan farko da na yi wa aiki, mutum mai saurin fushi. Kafin likita ya juyo, na riga na cike kati, na shigar a rajista, na buga hatimi. Likitoci huɗu sun yaba min a kan haka. Ba a taɓa jira na ba.

Da hantsi wata matashiya ta zo taga da kwali. Ta ce kyanwar babanta ce, tela ne, an kwantar da shi a asibiti tun shekaranjiya. Gidan haya suke, maƙwabta sun taru sun ce ko kyanwa ta fita ko su fita. Tana da jariri.

Na ce, "'Yata, babanki ya sani?"

Ta ce, "Baba, numfashi yake nema. Da wane bakin zan tambaye shi?"

Ta sa hannu. Ta danna har biro ya huda takardar. Ta ce don Allah kar in sa ta jira, ba za ta iya tsayawa ana yi ba. Ni kuwa mai ƙwarewa na rubuta "an gama", na buga hatimi, na yage mata kwafinta. Ta tafi tana share ido da gefen takunkumi.

Na kai kwalin ciki. Kyanwa ce mai launi uku, ta manyanta, ƙarshen wutsiyarta a lanƙwashe kamar ƙofa ta taɓa datse shi. A kati sunanta Maɓalli. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi yakushi ba. Ta fito, ta dubi ɗakin kamar mai neman haya, ta je ta zauna a kan tawul ɗin da na ninke.

Likita ta zuƙi maganin a sirinji. Na riƙe ƙafar. Na jira. Na ɗaga kai na ga idonta ba ya kan jijiya, yana kan bango.

Ta ce, "Ta nawa ce wannan?"

Na ce, "Ta goma sha biyu."

Ta ajiye sirinjin a faranti. "Ba zan iya ba, Baba. Kira ta, ka ce ta dawo mu yi magana."

Na ce yarinyar ta riga ta tafi. Na ce na ba ta takarda. Na ce har da hatimi.

Likita ta dube ni irin kallon da ban taɓa samu daga likita ba. Ta ce, "Ka kashe ta a takarda kafin in taɓa ta?"

Na ce, "Don kar ki jira ni."

Ta yi wata irin dariya, ta zauna a ƙasa da fararen kayanta. Maɓalli tana sito yanzu, bayan buhunan abincin kaji.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Mun kulle ƙofa mun yi shawara mu uku. Maganar a fili take. Rajista ta ce kyanwa ta mutu, da rubutuna da hatimin asibiti, kuma Likita ce ke amsa duk abin da ke cikin littafin. Maganin ma an rubuta an yi amfani da shi, alhali a gabana ta zubar. In ofishin da ke duba mu suka gano, lasisinta ne a kan tebur. In kuma muka kira 'yar tela muka gaya mata, za ta zo ta karɓi abinta, kuma duk mun san hanyar kwata.

Rediyo ta ce, "To a yi shiru mana."

Muka juya muka kalle ta.

Ta ce, "Me kuke kallona? Na iya shiru. Ban taɓa samun dalili ba ne."

Likita ta ce daga yau ba za ta ƙara yi wa lafiyayyar dabba ba, kowa ya kawo a ajiye a keji har kejin ya ƙare. Na tambaye ta in ya ƙare fa? Ta ce in tambaye ta ranar.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Mamaciyar ta cinye abincinta tas, ta nemi ƙari.

Talata, ƙarfe tara na safe

Likita ba ta zo ba. Ta bugo ta ce jikinta ne ya ɗan yi zafi, ba wani abu ba. Sau uku ta ce ba wani abu ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Saboda zazzaɓin Likita, ofis sun ce gobe za su turo masu feshi su bi ɗaki ɗaki, tare da jami'in da zai duba littattafai. Kyanwoyi bakwai da ke keji kowace da katinta. Ta sito ce ba ta da hurumin numfashi.

Na sa ta a kwali, na ɗaure a bayan keke, na kawo ta gida.

Tsohuwa, matata, tana tsakar gida tana shanya. Shekara arba'in da aure, ban taɓa shigo mata da aiki gida ba. Ta dubi kwalin, kwalin ya yi motsi.

Ta ce, "Malam, me ka sayo mana mai wutsiya?"

Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurara da rigata a hannunta tana ɗiga.

Ta ce, "Zancen da ake yi a gari fa?"

Na ce ƙarya ce.

Ta ce, "Ka sani, ko kana so ya zama ƙarya?"

Na tsaya daidaita ƙafar keke.

Ta ce, "Buɗe mata, kar ta mutu sau biyu."

Maɓalli ta fito, ta wuce ni, ta wuce kwanon ruwa, ta shiga ɗaki kai tsaye ta haye kan tsohon keken ɗinkin Tsohuwa da ya shekara goma a rufe. Ta kwanta a kan murfin kamar an aiko ta.

Alhamis, ƙarfe uku na yamma

Jami'in ya zo. Yaro ne mai ladabi, gilashinsa na ta yin hazo saboda takunkumi. Ya bi rajista da yatsa, ya wuce layin bai tsaya ba. Ya ce bai taɓa ganin littafi mai tsabta irin nawa ba. Na yi godiya.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Tsohuwa ta yi tari sau biyu. Ba ƙirgawa nake ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Ta ce ƙurar murfin keken ɗinkin ce. Ta buɗe shi jiya tana zuba masa mai, wai kyanwa ta tuna mata. Na ce haka ne, ƙura ce. Na ɗauke Maɓalli na kai ta ɗakin ajiya. Da na dawo daga wanka na same ta a cinyar Tsohuwa.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na gyara famfon da ke ɗiga. Na gyara ƙofar bayi. Na wanke keke har da ƙarƙashin sirdi. Babbar 'yarmu ta bugo, na ce kowa lafiya. Ta ce to me ya sa Mama ba ta karɓa ba? Na ce tana hutawa.

Likita ba ta ɗaga waya.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Ma'aikatan lafiya sun zo sun ɗauki gwaji, ni da ita. Sun ce kwana uku.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna a ƙofar ɗaki ina kallon kyanwar, tana kallona. Na tuna mai aski. Shekara talatin da huɗu na faɗa masa da baki cike, kamar shekaru gwaji ne. Abin da na sani shi ne ban taɓa ganin irin wannan ba, shi ma bai taɓa gani ba. Da ni kaɗai na sa a ciki, da da sauƙi.

Tsohuwa ta ce daga ciki, "Malam, in ka gama zaman makokin, a kawo min ruwan zafi."

Talata, ƙarfe shida na yamma

Famfon bai sake ɗiga ba. Na duba sau huɗu.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Babu. Ni babu, ita babu. Mura ce, irin wadda take yi duk shekara in ta taɓa ƙura.

Na karanta saƙon a waya sau uku, na ba ta ta karanta, ta ce rubutun ya yi ƙanana. Na karanta mata da ƙarfi. Ta ce, "To ai na gaya maka." Sai ta juya bango ta daɗe tana gyara matashin da ba abin da ya same shi.

Na fita tsakar gida na zauna a kan bokiti.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Likita ta bugo da kanta. Muryar kamar an goge ta da yashi, amma tata ce. Ita nata ba mura ba ce, sai dai ta haye. Abin da ta fara tambaya: "Baba, ya mamaciyarmu?" Na ce ta yi ƙiba.

Rediyo ta yi kuka a tebur, sannan ta ba ni labarai na mako biyu a zama ɗaya.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Takarda ta zo daga ofis, an ce a manna a taga. Sun ce ba su ga dalilin da zai sa a rabu da dabbobin gida ba, mutane su riƙe abinsu su dinga wanke hannu. Layi huɗu ne. Na manna da kyau, na danne kusurwoyin.

Mutum uku sun zo karɓar kyanwoyinsu daga keji. Wani har yana ce min shi dama bai taɓa yarda da zancen ba. Na ce masa sannu.

Da na tashi na buɗe rajista. Goma sha ɗaya. Na san launin kowace. Da ma takardar nan ta zo wata guda da ya wuce.

Na rufe littafin. Na wanke teburin, ko da yake ba a yi aiki a kansa ba.

Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana

'Yar tela ta dawo.

Ta tsaya ta karanta takardar taga tun daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama. Sannan ta ce babanta ya samu sauƙi, Asabar za a sallame shi. Na ce madalla. Ta ce tun ranar da ya fara iya magana, kullum in ta kira shi sai ya ce, "Maɓalli ta ci abinci?" Ita kuma ta ce ta ci.

"Kullum, Baba. Har na ce masa ta yi ƙiba."

Na yi tari. Ta ja baya. Na ce mata ba irin wannan ba ne.

Ta ce ta zo roƙo ne. Ko a cikin waɗanda aka bari akwai mai launi uku? Idon babanta ya yi rauni, wataƙila ba zai gane ba. Wutsiyar ce matsala. Sannan a hankali ta ce, "Ko akwai yadda ake lanƙwasa ta ba tare da ta ji zafi ba?"

Na ce ta dawo gobe.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Hanya mai sauƙi tana nan shimfiɗe. In miƙa mata Maɓalli in ce ga mai kama. Tela ya samu kyanwarsa, rajista ta zauna da tsabtarta, lasisin Likita ya kwana lafiya. Har yabo zan samu na iya zaɓe.

Na gaya wa Tsohuwa, tana kan keke tana ɗinke tsohon zanen gado.

Ta ce, "Dabara ce mai kyau. Yarinyar kuma ta ƙare rayuwarta tana ciyar da kyanwar da ta ɗauka ta kashe, tana kallon babanta tana jin ta cuce shi."

Na ce lasisin ba nawa ba ne, ba ni da ikon yin kyauta da shi.

Ta ce, "To tambayi mai shi." Ta ci gaba da taka keke.

Na kira Likita. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Baba, kwana goma na yi a kwance ina kallon silin. Goma sha ɗaya sun ishe ni ɗauka. Gaya mata. Layin kuma ni zan gyara da hannuna, in rubuta wa ofis abin da ya faru."

Na ce hatimin nawa ne, a sa sunana.

Ta ce, "Da ma ka ɗauka zan bar ka?"

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na shirya jawabi tun a kan keke. Da ta zo taga na ce, "'Yata, takardar da na ba ki ran nan ƙarya ce." Daga nan jawabin ya gudu ya bar ni. Na ɗora kwalin a kan taga na buɗe.

Ta duba. Ta ce, "Kai, Baba, ta yi kama sosai."

Na ce, "Duba wutsiyar."

Ta duba. Maɓalli ta miƙa wuya ta shinshina hannunta, ta goga kai a jikin zoben da ke yatsanta.

Na ɗauka za ta yi kuka. Faɗa ta yi. Ta ce mako uku! Mako uku ba ta iya haɗiye abinci, muna da lambarta a kati, wane irin mutane ne mu? Na ce tana da gaskiya. Ta ce da mun gaya mata ai da... Sai ta tsaya. Ta dubi wajen bayan asibiti, inda kwatar take. Ba ta ƙarasa ba.

Ta rungumi kwalin. Ta yi taku uku ta dawo.

"Baba, in gaya masa?"

Na ce, "Ni dai jiya na gwada ɗaya hanyar, matata ba ta bar ni ba."

Sai a lokacin ta yi dariya, da hawaye da majina, takunkumin duk ya jiƙe. Rediyo ta miƙa mata sabo.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Tsohuwa ta ajiye ruwa a kwanon Maɓalli da safe. Ta ce mantuwa ce.

Talata, ƙarfe uku na yamma

Likita ta dawo aiki, rigar ta yi mata yawa. Ta ja layi ɗaya a rajista, ta rubuta gaskiya a gefe, ta sa hannu, na sa nawa a ƙasa.

Alhamis ta sama, ƙarfe huɗu na yamma

Amsar ofis ta zo. Gargaɗi a rubuce, ita ɗaya ni ɗaya. Lasisi na nan. An kuma umarci "mataimakin" da kada ya sake buga hatimi kafin a kammala aiki. Likita ta kulle hatimin a aljihun teburinta. Yanzu sai na roƙa, kamar mai aron gishiri. Yau har ta jira ni minti biyu, ta ce ta ji daɗin jiran.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Wani sabon zance ya shigo gari. Wai akwai asibitin dabbobi da aka yi wa kyanwa allurar mutuwa, aka ba da takarda da hatimi, bayan mako uku ta tashi. Mai shara ne ya fara gaya min. Direban da ke kawo mana magani ya ce a yadda ya ji, kyanwa bakwai ne. Rediyo ta rantse ba daga bakinta ya fita ba, kuma na kusa yarda.

Ɗazu wani dattijo siriri ya zo taga, tef ɗin awo rataye a wuyansa, yana magana yana hutawa tsakanin kalmomi. Ya ce ya kawo kyanwarsa rigakafi. Ya ce, "Malam, kai da ke wannan aikin, ka ji labarin da ake yi kuwa?" Ya ba ni shi tun daga farko, da hatimin da komai, fuskarsa ko motsi. Ya ce 'yarsa ce ta ba shi, ya sa ta maimaita sau biyu don ya yi daɗi. Da ya gama ya dubi kafaɗata ya ce rigar aikina ta sha jiki, in kawo ya juya min kwalar.

Mutum uku ke nan suka ba ni labarin. Na ƙarshensu telan ne da kansa, da mamaciyar a hammatarsa tana cizon tef ɗin awo.